Hotunan da Kawu Ya Bari a Gareji

Da maza suka dawo daga binne Kawu, motoci sun cika ciyawar gaban gidansa a McLeansville, nan Amurka, har wasu sun gangara bakin gonar maƙwabci. Ni ina kicin ina wanke kofunan da na riga na wanke, don in na zauna kuka zan yi, kuma wallahi na gaji da kuka. Daga nan nake jin masu gaisuwa suna shiga suna fita. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa, kowa ya ce mutumin kirki ne, sannan kowa sai ya ƙara da wani abu.

Wata Hajiya 'yar Kumasi ta share hawaye ta ce, "Bai taɓa ɓata mini rai ba. Sai dai har yau ban san abin da ya gani a kunnena ba, da ya zaunar da ni yana ta ɗauka kamar kunnen zai gudu."

Wani ɗan Damagaram mai aikin sito ya amsa mata daga bakin ƙofa, "Hajiya, ke kin samu kunne ma. Ni foto nawa ya yi mini, babu ko ɗaya da za a ce ga fuskata."

Yaran da aka haifa a nan suna ta zagaye falo, a yi musu Hausa su amsa da Turanci. Tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da su Kawu ta kawo wani abinci mai cuku, ta tsaya tana kallon tulin takalma, ta rasa ko ita ma ta cire nata.

Alhaji, aminin Kawu, shi ya yi masa wanka. Bakano ne mai baki kamar reza, amma ranar muryarsa ta dushe. Na ji yana cewa, "Ina wanke hannunsa, sai na ga ashe ban taɓa kallon hannun mutumin nan ba. Shi kuwa ya san nawa kamar shi ya haife ni." Da Liman ya yi addu'a ya kai inda ake cewa Allah ya haskaka masa kabarinsa, sai Alhaji ya ja hanci ya ce, "Amin. Amma a hankali, don bawan nan nawa ba ya son haske mai ƙarfi." Aka yi dariya cikin kuka. Kawu Bazazzage ne, kuma wasan Bakano da Bazazzage ko mutuwa ba ta raba shi.

Da jama'a suka ragu, Liman ya tsaya daga bayan labulen ɗakin da Anti, matar Kawu, take zaune. Ya yi mata gaisuwa, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, akwai kwalayen nan na gareji."

"Suna nan, Malam."

"Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, ba ni zan yanke ba. Amma abin da ke cikin kwalayen nan jikin mutane ne, har da na matan aure, wuya da ƙafa da sauransu. Mai su ya tafi, ba a san hannun da za su faɗa ba. In ni ne, zan sauke masa wannan nauyin."

Anti ba ta ko yi jim ba. Ta ce, "Ranar da na fita takaba zan ƙone su."

Kofin da ke hannuna ya suɓuce cikin ruwa. Aikin rayuwar mutum ne a kwalayen nan, kuma ni na san haka ko da kowa bai sani ba. Na ce a raina sai dai a ƙona da ni.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Zariya ya koyi hoto, a wani shago kusa da tasha, irin wanda ake kafa labule mai zanen jirgin sama mutum ya tsaya gabansa riƙe da rediyo. Ya zo Amurka tun ina firamare. Da na samu karatu a Greensboro a farkon shekarun casa'in, gidansa na sauka. Shi da Anti Allah bai ba su haihuwa ba, sai na zama 'yar gida, da daɗin abin da wahalarsa. Ko bayan na yi aure na koma haya kusa da titin Wendover, ƙafata ba ta ɗauke daga gidan ba.

Aikin da yake ci da shi, wankin hoto ne a wani katafaren kanti a kan Wendover ɗin. Mutane su kawo fim, inji ya haɗiye, ya amayo hotuna. Kawu ya tsani injin nan tsana ta gaske. Ya dawo ya zube a kujera, ya kwance igiyar takalmi, ya ce, "Injin nan bai san mu ba. Ba da fatarmu aka auna shi ba. A kawo hoton biki, amarya ta fito kamar gindin tukunya, sai haƙori da ido." Don haka in fim ɗin baƙar fata ya zo hannunsa, sai ya tsaya yana gyara hasken kowane hoto da kansa, layi yana tsawo, manaja yana huci. Ya sha faɗa a kan haka. Bai daina ba, su ma ba su kore shi ba.

Aikinsa na gaskiya kuwa a gareji yake. Motarsa a waje take kwana, rani da damina, don ya mayar da garejin ɗakin hoto. Akwai taga ɗaya da ke kallon arewa, rana ba ta taɓa shigowa ta cikinta kai tsaye, kuma ita ce duk fitilarsa. Filashi kuwa ko kyauta ba ya so. "Filashi mari ne," in ji shi. "Kin taɓa ganin wanda aka mara ya yi kyau?" Yakan ce fatarmu ba ta son a watsa mata haske, shafa mata ake yi. Sai ya zaunar da mutum gefen taga, ya rataya farin zanen gado ta ɗaya ɓangaren, ya ba shi man kaɗe ya shafa a inda za a ɗauka. "Kaɗan dai, ba soya ka za a yi ba." In inuwa ta yi kauri a ƙarƙashin haɓa, sai ya lallaɓa kicin ya sato babban tiren Anti na silba ya jingine shi, tiren ya maido haske sama. Sau nawa baƙi suna falo, shayi ya tafasa, Anti tana ƙwala kira, "Maigida, ina tirena?"

In ranar hutunsa ta zo da hadari-hadari, gari ya yi lumshi ba rana ba ruwa, to ranar babu mai sakat. Sai ya hau waya. "Kana gida? Zo da hannunka." Haka yake cewa, kamar mutum zai iya barin hannun a gida. Yana iya shafe wuni a kan dunduniya ɗaya. Ya matsar da kujera, ya dawo da ita, ya ɗage labule, ya sauke, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara. Mai dunduniyar ya gaji, ya yi hamma, ya yi rantsuwar ba zai sake zuwa ba. Kawu ko a jikinsa.

Mu kuwa a wurinmu, hoto shi ne a ga mutum tun daga hula har takalmi. A ga agogo, a ga mota, a ga ka yi ƙiba, don a aika gida hankalin tsohuwa ya kwanta. Wa zai aika wa uwarsa gwiwar hannu? Shi ya sa mutanenmu suka ɗauki abin nasa wata 'yar taɓuwa ce da Allah ya jarrabi mutumin kirki da ita. Suna zuwa ne don kunyarsa, su tafi ba tare da sun tambayi abin da ya fito ba. Shi ma ba ya nunawa sai an tambaya.

Rigimarsu da Alhaji a kan haka ta tashi. Alhaji ya sayi mota, tsohuwa ce amma ya goge ta har tana ɗaukar ido. Ya sa babbar riga mai aiki, ya ɗauki Kawu suka tafi Sedgefield, unguwar masu hali da ke zagaye da filin golf. Al'adar mutanenmu ce a lokacin: ka faka gaban gidan wani Baturen da ba ka sani ba, ka dafa mota, a ɗauka, a aika gida. Ba ka ce gidanka ne ba, ba ka kuma ce ba naka ba ne. Kawu ya yi ta zagaya shi yana ɗauka, Alhaji yana ta gyara zaman hula. Da aka wanke fim, sai ga hannun Alhaji a kan murfin mota. Hannu, hannu, hannu. Gaɓoɓin yatsun da kwalin sito ya tsattsage, farcen da ya fashe, zoben azurfa ya nutse cikin nama. Motar sai ɗan ƙyallin fenti, gidan Bature kuwa ko alamarsa.

Ina gidan ranar da Alhaji ya zo karɓa. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai, Bazazzagen banza! Hannu zan aika wa tsohuwa? Ta ce an yanka ni an rarraba?"

Kawu yana shan shayinsa ya ce, "Gidan ba naka ba ne. Rigar ta Sallar bara ce. Motar kuwa gobe za ta mutu maka a hanya. Hannun nan ne kaɗai naka, kuma shi ya yi aikin."

"Wa ya tambaye ka wa'azi?"

Ni dai a ranar bayan Alhaji nake, kuma har yau ban canza ba. Mutum ya nemi abu, ka ba shi abin da ya nema mana, sannan ka yi gwanintarka. Amma Kawu in ya kafe, ya kafe. Bai ba da haƙuri ba, bai koma Sedgefield ba. Alhaji ya watsar da hotunan a kan tebur ya fita, ya je wani shagon hoto aka haska masa filashi, ya fito dusu-dusu cikin farar riga, ya aika Kano a haka. Suka daina magana har Babbar Salla. A filin Idi ne Alhaji ya zo ya tsaya kansa da darduma ya ce, "Matsa, bawa." Shi ke nan sulhun.

To amma mutumin nan mai taurin kai shi ya yi mini abin da ba zan manta ba. Ina da bille a kumatun hagu. A gida wa zai ko kalle shi? Nan kuwa tun daga aji har kanti, sai an tambaye ni wa ya yanke ni. Wata rana na je asibitin makaranta da mura, nas ta rufe ƙofa, ta sassauta murya, ta tambaye ni ko akwai mai dukana a gida. Na yi mata bayani har bakina ya bushe, tana ta gyaɗa kai irin na tausayi. Na fito raina a jagule. Na sayi hoda mai kauri, kullum in lafta kamar mai yaɓen ɗaki.

Kawu ya yi kwanaki yana kallona. Ran wata Asabar sai ya ce, "Je ki wanke fuskarki ki same ni a gareji."

Sau biyu ya ɗauke ni. Na farko ya sa na fuskanci taga sosai. Na biyu ya juya ni har hasken ya zo ta gefen kunne, ya bi kumatuna a kwance. Da ya wanke ya ajiye su gabana. A na farkon billen ya kusa ɓacewa, fuska sumul kamar ta kowa. A na biyun ga shi nan raɗau, gefe ɗaya haske gefe ɗaya inuwa, kamar kunyar gona bayan an yi ruwa.

Ya ce, "Ga ki yadda kike so, ga ki yadda kike. Haske kawai na matsar. Zaɓi."

Na ƙura musu ido. Ya sa yatsa kusa da hoton na biyu, bai taɓa ba.

"Ina tsakar gida ranar da aka yi miki wannan, ina jin ihunki. Na san wanzamin. Dubi yadda ya sauke askar, hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan. Wannan aiki ne mai kyau, kina rufe shi da garin rogo."

Na yi dariya, dariyar ta zama kuka, shi kuma ya juya yana ta gyara labulen da ba ya bukatar gyara. Na biyun na ɗauka. Hodar a durowa ta bushe.

Mutuwarsa ba ta yi sallama ba. Ya tashi daga aiki da yamma, ya shiga mota a filin fakin na kantin, ya kwance igiyar takalminsa, bai tayar da motar ba. Likita ya ce zuciya ce. Ni na ce gajiya ce, gajiyar tsayuwa gaban injin da ba ya so shekara da shekaru, amma wa ya tambaye ni.

Bayan sadakar arba'in na fara yaƙina. Akwai wata malama a sashen zane-zane na jami'armu da ta taɓa ganin hoton billena, ta riƙe shi ta kasa ajiyewa, ta ce in akwai irinsa da yawa za a iya rataye su jama'a su zo su gani. Da wannan na je wa Anti, ina ganin na zo da maganar da ba ta da amsa.

Tana zaune a kan darduma, ta dube ni sama da ƙasa. "A rataye ƙeyar matar Liman a bango, ƙattin gari su zo da kofi a hannu suna kallo? Ke da hankalinki?"

"Anti, ba za a san ko ta wace ce ba."

"Ita ai ta sani. Mijinta ma ya sani."

"To sai a ƙona? Haba Anti! Me ya bari a duniya in ba su ba?"

"Na san bai bar ɗa ba, ba sai kin faɗa ba."

"Ban faɗa ba."

"To ni na faɗa." Ta ja carbinta. "Ina kwana ina tashi da tunanin ana can ana tambayarsa wuyan matan mutane. Ke karatu kike gani, ni kabari nake gani. In akwai abin da zan iya sauke masa, zan sauke."

Haka muka yi ta yi, mako bayan mako. In taso daga aiki a gajiye, in kama hanyar McLeansville, mu maimaita magana ɗaya, in dawo a gajiye. Na yi fushi, na yi lallashi, na daina zuwa, na dawo. Mijina ya ce in bar matar nan ta ji da takabarta. Na ce ya ji da abin da ya dame shi.

Alhaji ne ya raba gardamar, shi da ya fi kowa zagin hotunan. Ya ce, "Kayan mutane ne ai. A mayar wa kowa kayansa. Wanda ya ga dama ya ƙone nasa, zunubin a wuyansa." Liman ya ce wannan magana ce. Anti ta yarda. Ni ban so ba, don tarwatsa su ma kashe su ne a wurina, amma ya fi wuta. Na ce to.

Sai ga wata sabuwa: Kawu bai rubuta sunan kowa a bayan hoto ko ɗaya ba. Dole kowa ya zo ya gane kansa. Muka shimfiɗa tabarmi a gareji muka baje su, maza ran Asabar, mata ran Lahadi. Tabɗi! Ashe mutum bai san jikinsa ba. Ɗan Damagaram ya ɗauki gwiwar hannun wani ya rantse tasa ce, sai da aka sa ya naɗe riga aka gwada. Mata biyu suka kusa dambe a kan wata ƙafa mai lalle da faso, kowace tana cewa Allah ya kiyaye, ba tata ba ce, ƙarshe suka bar ta a tabarma, ɗayar ta dawo da la'asar ta ɗauka a ɓoye. Hajiya 'yar Kumasi ta samu kunnenta, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi, ta ce, "Oho, ashe haka ɗan kunnen mamata yake zama a jikina." Liman ya daɗe tsugune kan wani yatsa da ke jan carbi. Ya ce, "Wannan dai yatsa ne, babu komai," ya zura a aljihu.

Alhaji ya tattara hannayensa duka, waɗanda ya watsar a tebur shekarun baya, ya ce zai aika Kano. Na ce ai tsohuwa ta rasu. Ya ce, "To sai me? Akwai 'ya'yana."

Akwai wata da mijinta ya rasu a haɗarin mota shekarar da ta gabata. Ba ta zo neman komai ba, rakiya ta yi. Ina kallonta ta tsaya cik a kan wani babban yatsa mai ɗan lanƙwasa. Na mijinta ne. Ta sunkuya ta ɗauka, ta cusa cikin mayafi, ta fita ba sallama.

Kafin ganye ya fara zuba kwalayen sun zama fanko. 'Yan kaɗan da masu su suka bar gari, Anti ta ce in tafi da su. Na kwashe na kai gida. Raina bai yi fari ba, amma na ce ko ba komai wuta ba ta samu abin ci ba.

Ranar da Anti ta fita takaba na je da hantsi don in kai ta gaishe-gaishe. Na tarar ta yi wanka, an yi mata kitso, ta sa atamfa mai launi, har ta ɗan yi mini baƙunta a ido. Ta ce, "Zo ki kama mini wani abu." Muka shiga ɗakin kwanansu, ta durƙusa ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zane. Duk zamana a gidan ban taɓa ganinsa ba. Muka ɗauke shi mu biyu har bayan gida, inda ake ƙona ganye a wani tsohon duro. Ta riga ta haɗa itace. Ta ƙyasta ashana, sannan ta kwance zanen, sai ga hotuna.

Anti ce. Duka Anti ce.

Ga ƙeyarta tana yarinya, da kitson da ban taɓa ganin ta yi ba. Ga kafaɗarta. Ga tafin ƙafarta, ga bayan gwiwarta, ga furfurar farko a gefen kunnenta. Wasu takardun sun yi ja don tsufa, tun na Zariya, wasu kuwa sababbi fil. Duk abin da muka baje a tabarma, da nawa da na kowa, sai na ga ashe koyon hannu ne. Nan ya zuba gwanintar.

Sai ta ɗago wani babba. Cikinta ne. Babu fuska, babu komai, sai tabon aiki ya ratsa ƙasan cibiya daga gefe zuwa gefe. Haske ya zo a kwance ya sauka a leɓen tabon na sama, ƙasansa inuwa mai laushi, ana ganin gurbin kowane ɗinki. Na san an taɓa yi mata aiki an cire mahaifa, a bakin mahaifiyata na ji, amma a gidan ba a taɓa zancen ba. Ban taɓa ganin an kalli jikin mutum da tausayi irin wannan ba.

Ta ce, "Bayan aikin nan na yi wata da watanni ban yarda ya gan ni ba. Na ce ya sake ni ya nemi mai haihuwa. Bai ba ni amsa ba. Wata safiya sai ya ce in kwanta, ya ɗage labule kaɗan. Da ya wanke ya kawo mini. Ban sake yi masa zancen saki ba."

Na kama hannunta. "Anti, don Allah, don Annabi. Ko wannan ɗaya. Wallahi ba zan nuna wa kowa ba."

"In kin mutu fa? 'Ya'yanki masu Turancin nan su buɗe kwali su ga cikina?"

"Liman bai ma san da su ba."

"Ba don Liman nake yi ba." Ta zare hannunta a hankali. "Alhaji ya ce kowa ya ɗauki kayansa. To waɗannan nawa ne. Mutum ɗaya ne ya kalle ni haka, kuma ya tafi da idonsa."

Na yi watanni ina shirya amsoshi, babu ko ɗaya da ta dace da wannan. Na tsaya kamar gunki tana saka su ɗaya bayan ɗaya, kowane sai ta kife shi kafin ta sake shi. Ba ta yi sauri ba, ba ta yi kuka ba. Ni na yi mata kukan. Na tabon ta bari a ƙarshe. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙo mini.

"Kalla da kyau."

Na kalla har idona ya yi zafi.

"Kin gani?"

"Na gani, Anti."

"Ya iya, ko?"

"Ya iya."

Ta karɓa ta kife shi a wuta. A ƙasan kwalin akwai nagetif ɗinsu, waɗanda da su ake iya sake wanko kowane hoto. Ta dube su ta ce, "Hannuna ya gaji. Ke zuba." Na dube ta, ta dube ni. Na zuba. Suka nannaɗe suna wari, muka matsa baya. Da wutar ta lafa ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce mu tafi, mutane suna jira.

Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izininta. Ta ce, "Rubuta, rubutu ai ba ya nuna fata."

Yau in aka tambaye ni ko Kawu gwani ne, sai in ce gwani ne. In aka ce in nuna, sai in fito da 'yan yatsu da dunduniyoyin da ba a samu masu su ba, a jujjuya a ce, "To, ba laifi." Ba na musu, na gaji da musu. Wanda zai rufe bakin kowa, mu uku muka taɓa ganinsa, kuma ni da na rantse sai dai a ƙona da ni, da hannuna na ƙarasa shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya sauke masa duk nauyin da Anti take tsoro. Allah ya dube shi da tausayin da ya fi wanda ya dubi matarsa da shi.